Gonakin shinkafa na Batad: dutse, ruwa da hannun da ke riƙe da su

Wanda ya yi niyyar zuwa ƙauyen Batad daga Manila, babban birnin ƙasar Filifin, yakan shiga motar dare ne, ya kwana a hanya na tsawon sa'a tara zuwa goma, gari ya waye masa a Banaue da ke lardin Ifugao, can cikin tsaunukan arewacin tsibirin Luzon. Daga Banaue sai ya nemi motar hayar nan tasu da suke kira jifni, ko babur mai akwatin fasinja a gefe, ya yi kamar sa'a guda yana hawa yana kewaya ƙugun duwatsu har inda kwalta ta ƙare. Daga nan babu sauran abin hawa sai ƙafa. A da tafiyar ƙafar ta fi haka tsawo nesa ba kusa ba, domin mota tana tsayawa ne tun kafin a kai gwauron tudun da ke raba ƙauyen da babbar hanya, amma ko a yau da aka ƙara tsawon titin, mota ba ta shiga cikin Batad. Mutum zai gangara ta siririyar hanya a cikin itatuwa, sai kwatsam kurmin ya buɗe, ya ga kwari a gabansa mai siffar ƙatuwar ƙwarya da aka raba biyu, an sassaƙe bangonta hawa-hawa tun daga gindi har kusa da ƙololuwa, kowane hawa gonar shinkafa ce cike da ruwa, ga kuma 'yan gidaje sun dunƙule wuri guda a can ƙasa.

Wannan gani na farko shi ne abin da ake ɗauka a hoto, kuma shi ne abin da ya sa sunan wurin ya zaga duniya. Gwamnatin Filifin ta ayyana gonakin Ifugao a matsayin dukiyar al'adun ƙasa tun 1973, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya rukuni biyar daga cikinsu a jerin kayan tarihin duniya a 1995, wato Batad da Bangaan a yankin Banaue, da Mayoyao, da Hungduan, da Nagacadan a yankin Kiangan. Sai dai hoto yana sa mai kallo ya ɗauka abin da ke gabansa gini ne da aka gama tun zamanin da, aka bar shi ya tsaya da kansa kamar dalar Masar. Hakan kuskure ne da ya kamata a gyara tun kafin a fara hawa, domin gonakin Batad aiki ne da ba a taɓa gamawa ba, kuma da za a ɗauke hannu daga kansu na 'yan shekaru kaɗan, damina za ta fara mayar da su gangaren dutse kamar yadda aka same su.

Ana fahimtar haka ne da zarar an bar wurin kallo an shiga cikin gonakin. A Batad babu wata hanya da aka keɓe wa masu yawo. Hanyar ita ce kan katangar gonar, faɗinta a wurare da yawa bai wuce a aza ƙafa biyu a jere ba. A hannu ɗaya ruwa ne da taɓo da shinkafa, kusan daidai da tafin ƙafarka, a ɗaya hannun kuma rami ne, zurfinsa a wasu wuraren ya kai tsayin mutum biyu ko uku, har zuwa gonar da ke ƙasa. Idan za a sauka daga wani hawa zuwa wani, duwatsu ne dogaye aka cusa cikin jikin katangar tun lokacin gininta, aka bar bakinsu a waje, ɗaya ƙasa da ɗaya, su ne matakala. Baƙo yana taka su yana dafa bango yana tattara hankalinsa, alhali dattijuwar ƙauyen za ta wuce shi da kaya a kanta ba tare da ta dubi ƙasa ba. Wanda ya tsaya ya dubi katangar da kyau zai ga babu siminti a cikinta. Duwatsu ne aka jera, manya a gindi, ƙanana a sama, an karkatar da bangon kaɗan zuwa cikin tudu, an cike bayansa da tsakuwa da ƙasa, sannan aka shafe bakinsa na sama da laka domin ya riƙe ruwa. Zai kuma ga inda launin duwatsun ya bambanta, wani sashe ya yi baƙi da gansakuka, wani kuma fari ne sabo, alamar wurin ya taɓa zubewa aka sake ɗaga shi.

Asirin abin duka yana wurin ruwa, kuma ruwan yana farawa ne daga inda mai ɗaukar hoto bai cika waiwaya ba, wato kurmin da ke saman gonakin. Mutanen Ifugao suna da abin da suke kira muyong, yankin daji ne na iyali ko na dangi, ana gadonsa kamar yadda ake gadon gona, ana kula da shi, ana shuka itatuwa a cikinsa, ana cire wanda ya isa sara a bar na baya. Daga nan suke samun itacen girki da katakon gini da 'ya'yan itace da magani, amma babban aikinsa shi ne ya tare ruwan sama, ya sa ya nutse cikin ƙasa a hankali maimakon ya kwararo da ƙarfi ya share gangaren, sannan ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan ta maɓuɓɓuga da ƙoramu duk tsawon shekara. Daga ƙoramun ake jan ruwa ta magudanai da aka haƙa a jikin dutse, inda hanya ta katse a haɗa da bututun gora ko kututturen da aka rarake, har ya isa gonar da ta fi kowace tsayi. Idan ta cika, sai ya zuba ta wata 'yar kafa da aka bari a bakin katanga zuwa ta ƙasa da ita, haka har gindin kwari. Saboda haka babu manomin da ke cin gashin kansa a wannan tsari. Wanda gonarsa ke ƙasa yana shan ragowar na sama ne, idan kuma na sama ya yi sakaci katangarsa ta ɓalle, duwatsunsa da taɓonsa a kan shinkafar maƙwabcinsa za su sauka.

Har ginin gonakin da ruwa aka yi shi. Wani masani ɗan Amurka, Harold Conklin, wanda ya shafe shekaru yana nazarin noman Ifugao har ya fitar da babban kundin taswirorinsa a 1980, ya bayyana yadda manoma ke karkato ruwa ya ratsa inda suka farfasa ƙasa a sama, ruwan ya ɗauko tsakuwa da ƙasar ya kawo su bayan sabuwar katanga ya zube, a maimakon a yi ta jidarsu a kwando. Bayan an cike, sai a daddaɓe laka a shimfiɗe domin kada ruwa ya tsiyaye, a ɗora ƙasar noma a kai. Wani abin da ke ba baƙo mamaki shi ne ganin gonaki cike da ruwa ko a lokacin da babu shuka a cikinsu. Dalilinsa shi ne idan aka bar lakar ta bushe za ta tsattsage, ruwan sama na gaba ya bi tsagar ya shiga bayan katanga, ya jiƙa cikon, nauyi ya ƙaru, bango ya kumbura ya faɗi. Gonar da aka daina nomawa ita ce ta fi kowace haɗari ga maƙwabtanta, kuma wannan batu shi ne mabuɗin fahimtar duk matsalar da wurin ke ciki a yau.

Shinkafar gargajiya da ake nomawa a nan sunanta tinawon, ma'anar kalmar kuwa ita ce sau ɗaya a shekara. Doguwa ce, tana jure sanyin tudu, tana da ƙamshi, amma tana ɗaukar wata shida ko fiye kafin ta nuna, kuma yabanyarta ba ta kai ta irin zamani ba. A bisa al'ada ana zuba iri wajen ƙarshen shekara, a yi dashe a farkon sabuwa, a yi girbi wajen watan Yuni da Yuli. Maza ke gyaran katanga da magudanai da juya taɓo da doguwar shebur ta katako, domin a gangare irin wannan ba a maganar garmar shanu balle tarakta. Mata ke zaɓen iri da dashe da cire ciyawa da yawancin girbi, kuma girbin zangarniya-zangarniya ake yi da 'yar ƙaramar wuƙa da ke ɓuya cikin tafin hannu, a ɗaure dami-dami, maza su rataya a sanda su hau da su gida. Ana ajiye damin a rumbu ko a saman ɗaki, a riƙa cirowa ana sussukawa a turmi gwargwadon bukatar yini. Ɗakin gargajiyar Ifugao a kan ginshiƙai huɗu yake tsaye, kowane ginshiƙi an sa masa faifan katako a wuya domin ɓera ya hau ya kasa wucewa. Bayan girbi ba a ƙone karan shinkafar, ana tattake shi cikin taɓo ya ruɓe ya zama taki, a wasu wurare kuma a tara shi tsibi-tsibi a tsakiyar ruwa a shuka kayan miya a kai. A cikin ruwan nan kuma ana samun ƙananan kifaye da katantanwa da ake ci.

Abin da ya fi jan hankalina a tsarin shi ne yadda aka ɗaure lokacin aiki da al'ada. A kowane yanki akwai gidan da ake jira ya fara, mai babbar gonar gado, da ake kira tomona, ba wanda zai yi dashe ko girbi kafin shi. Akwai kuma masu tsafin gargajiya, mumbaki, da ke yanka kaza ko alade a matakan noma daban-daban, da gumakan katako da ake kira bulul da ake ajiyewa a rumbu da sunan tsaron shinkafa. Mai karatu Musulmi ko Kirista ba zai karɓi aƙidar da ke ƙarƙashin wannan ba, kuma yawancin mutanen Ifugao na yau ma Kiristoci ne. Amma ta fuskar noma tsarin ya yi wani aiki da ba a iya musunsa: ya sa kowa ya shuka lokaci guda, shinkafa ta nuna lokaci guda, ɓarnar ɓera da tsuntsaye ta rarrabu a kan gonaki da yawa a maimakon ta taru a kan gona ɗaya, sannan a bar ƙwari da yunwa na tsawon watannin da babu komai a fili. Da aka fara sakin wannan tsari, kowa yana shuka lokacin da ya samu sarari, sai ɓeraye suka samu abinci daga gona zuwa gona. Aikin kuma da gayya ake yinsa, suna kiranta ubbu, yau a gonar wannan gobe a ta wancan, kuma a bakin aikin ne mata ke rera dogayen waƙoƙin hudhud, jagora tana bayarwa sauran suna amshi, waɗanda UNESCO ta ayyana a cikin fitattun al'adun baka na duniya a 2001.

Sai batun shekarun gonakin, wanda a nan ne ake da saɓani na gaske. Kusan kowace takardar talla da kowane ɗan jagora za su ce maka shekararsu dubu biyu. Wannan adadi ya samo asali ne daga masana biyu 'yan Amurka na farkon ƙarni na 20, Roy Barton da Henry Otley Beyer, kuma ba daga tono ko gwajin kimiyya suka samo shi ba. Ƙiyasi suka yi, suka dubi yawan gonakin suka auna tsawon lokacin da suke ganin zai ɗauki mutane su gina irinsu da hannu. Tun a 1962 wani masani, Felix Keesing, ya kawo shakku, yana ganin gonakin ba su kai haka daɗewa ba. Daga baya masanin tonon kayan tarihi ɗan Filifin Stephen Acabado da abokan aikinsa suka yi haƙa a Banaue da kuma tsohon mazaunin Kiangan, suka gwada shekarun gawayi da sauran abubuwan da suka samu, suka duba ɓurɓushin tsirrai a cikin ƙasa. Abin da suka cimma shi ne noman shinkafa a gonakin ruwa ya bazu a Ifugao ne kimanin shekara 400 da suka wuce, wato bayan zuwan Sifaniyawa, waɗanda suka kafa mulkinsu a tsibiran daga 1565. Kafin nan akwai mutane a wurin, akwai ma ƙananan gonakin ruwa, amma gwaza ake shukawa a ciki.

Bayanin da suka bayar shi ne lokacin da Sifaniyawa suka matsa wa mazauna kwarurukan ƙasa da haraji da aikin tilas da sauya addini, jama'a da yawa sun haura tsaunuka. Yawan mutane ya ƙaru, aka faɗaɗa gonaki cikin hanzari, shinkafa ta zama abin da ake auna daraja da shi, ake yin biki da shi, ake ƙulla dangantaka da shi, kuma wannan haɗin kai da noman ya tilasta ya taimaka musu suka ƙi miƙa wuya. Tarihi ya tabbatar da cewa Sifaniyawa sun yi fiye da shekara ɗari uku a Filifin ba tare da sun mallake Ifugao yadda suka mallake kwarurukan ƙasa ba. Akwai waɗanda wannan sakamako bai yi wa daɗi ba, suna ganin rage shekarun rage daraja ne. Ni a ganina akasin haka ne. Labarin shekara dubu biyu yana nuna mutanen Ifugao kamar waɗanda suka tsaya cak a bayan duniya, suna maimaita abin da suka tarar ba tare da tarihi ya taɓa su ba. Labarin shekara ɗari huɗu kuwa yana nuna mutanen da suka ga haɗari ya tunkaro su, suka yanke shawara, suka sauya abincinsu da tsarin zamansu, suka sassaƙe duwatsu cikin 'yan ƙarnuka kaɗan. Mu da muka san tsaunukan Mandara ba za mu ji wannan a matsayin baƙon labari ba, domin a Sukur da ke jihar Adamawa, wadda ita ma ta shiga jerin UNESCO a 1999, da kuma duwatsun Gwoza, akwai gonaki hawa-hawa da katangun dutse, kuma tudun nan ya daɗe yana zama mafaka ga masu guje wa mahara daga fili.

Wani ginshiƙin da ya riƙe gonakin shi ne tsarin gado. A al'adar Ifugao ba a yanyanka gonar shinkafa a raba wa 'ya'ya daidai. Ɗan fari, namiji ne ko mace, shi ke ɗaukar kaso mafi girma, sau da yawa tun lokacin aurensa, na biye ya samu abin da ya saura idan akwai, ƙananan kuma su nemi na kansu. A madadin haka nauyin dangi yana kan wanda ya gada, shi ne mai hidimar biki da rashin lafiya da mutuwa. Tsarin ya hana gonaki su zama gutsattsarin da ba za su ciyar da kowa ba, amma ya kuma sa tun asali akwai masu fita. Kuma ko a da can, shinkafar ba ta isar yawancin gidaje shekara. Dankali da ake nomawa a gangaren da aka share shi ne abincin yau da kullum na talaka, shinkafa kuwa ita ce alamar wadata.

Wannan ya kawo mu ga halin da ake ciki. A 2001, shekara shida kacal bayan karramawar, UNESCO ta sanya gonakin a jerin wuraren da ke cikin haɗari, a lokacin an ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye an daina noma su. An cire su daga jerin a 2012 bayan gyare-gyaren da aka yi, amma musabbabin bai gushe ba. Matashin da ya yi makaranta yana ganin wahalar wata shida a cikin taɓo ba ta kawo shinkafar da za ta kai shi ƙarshen shekara, alhali aiki a birnin Baguio ko Manila ko ƙasashen waje yana kawo kuɗi a hannu, kuma babu mai adalcin da zai zarge shi. Idan magajin gona ya tafi, gayya ta rasa hannu, masu iya jera dutse suna tsufa ba tare da sun samu wanda za su koya wa ba. Ga kuma ƙarin annoba: manyan tanoni masu huda lakar gona su bar ramukan da ruwa ke bi, da wani dodon koɗi da aka shigo da shi ƙasar daga waje a shekarun 1980 da sunan abinci, ya koma cin dashen shinkafa. Sana'ar sassaƙa don sayar wa baƙi ta ci itatuwa da yawa daga kurmin da ke ba da ruwa. Mahaukaciyar guguwar teku kuma tana ratsa Luzon kowace shekara, ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma katangar da aka yi sakaci da ita ita ce ke fara tafiya.

Yawon buɗe ido a nan takobi ne mai kaifi biyu. Garin Banaue kansa misali ne: gonakin da ke kewaye da shi su ne suka fi suna, su ne ma aka zana a takardar kuɗin Filifin ta peso 20, amma ba sa cikin rukuni biyar da UNESCO ta amince da su, saboda gine-ginen siminti da kwano sun riga sun cika wurin. Batad ta tsira daga wannan ne saboda wahalar isa gare ta, kuma kowane ƙarin titi yana sauƙaƙa wa mai jinya da ɗan makaranta da mai ɗauko buhun siminti lokaci guda. Ba daidai ba ne baƙo ya so mutane su dawwama a ƙarƙashin jinka domin hotonsa ya yi kyau. Abin da ya fi damuna shi ne yadda kuɗin ke tafiya. Mai mota da mai masauki da mai abinci da ɗan jagora duk suna samu, amma manomin da ya kwashe makonni yana ɗaga katangar da dubban ƙafafu ke takawa, sau da yawa abin da ke isa gare shi kaɗan ne, sai dai idan shi ma ya ajiye shebur ya koma jagora, wanda hakan ke ƙara rage masu noma. An yi ƙoƙarin sayar da tinawon da tsada a matsayin shinkafar gado a birane da ƙasashen waje, hukumomi ma sun riƙa biyan kuɗin gyaran katangu, kuma duka biyun sun taimaka, sai dai gyaran da aka yi da kwangila ba ya hana gona bushewa idan babu mai shuka a cikinta.

Mai niyyar zuwa ya sani cewa abin da zai gani ya danganta da watan da ya je. Bayan dashe gonakin kamar madubai suke, wajen Afrilu da Mayu kore shar, gab da girbi kuma ruwan zinariya, daga nan sai watannin ruwa da zaftarewar ƙasa da kan toshe hanya. Ana rajista a biya ɗan kuɗin shiga, kuma ɗaukar jagora ɗan ƙauyen ya fi, domin shi ya san katangar da ke da ƙwari da wadda ta fara kumbura, ya kuma san ranakun da al'ada ta hana shiga gona. Yawancin baƙi sukan ratsa gonakin su gangara ta bayan kwarin zuwa magangarar ruwa ta Tappiya, inda kogi ke faɗowa daga kan dutse cikin wani tafki mai sanyi. Saukar ba ta da wuya sosai, dawowar ce ke gwada gwiwa, domin matakala ce ɗaruruwa a tsaye, wasu tsayinsu ya kai gwiwar mutum, kuma duk abin da ake amfani da shi a ƙauyen, daga buhun siminti har tukunyar gas, a kafaɗa ya sauko daga bakin titi ta irin waɗannan matakala.